A bar yara su yi yabo tare da mu

Ina koyar da yara a makarantar Lahadi a nan Jos, wajen Anguwan Rukuba, kuma akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya: mun mai da yabon yara abin kallo. Duk shekara suna can ɗakin baya. Sai lokacin Kirsimeti ko makon yara a fito da su gaba, su rero waƙa, su faɗi ayar da suka haddace, iyaye su ɗaga waya suna ɗaukar hoto, a tafa musu, a mayar da su. A sauran ranaku kuwa, yaron da ya yi tsalle a cikin sujada harara ce rabonsa.

Ku buɗe Matiyu sura 21. Bayan Yesu ya shiga Urushalima a kan jaki, ya kori 'yan kasuwa daga Haikali, ya warkar da makafi da guragu, yara ne suka cika wurin da sowa suna cewa Hosanna ga Ɗan Dawuda. Ba wanda ya jera su a layi. Manyan firistoci da malaman Attaura suka ji haushi, suka tambaye shi ko yana jin abin da yaran suke faɗa. Ya ce yana ji, ya kuma tuna musu da Zabura 8, cewa daga bakin yara da masu shan mama ne Allah ya shirya wa kansa yabo. Masana Littafi suna gunaguni, yara kuwa sun riga sun gane wanda ke gabansu.

Akwai wani yaro a ajina mai in'ina. Idan na tambaye shi sunan littafi ɗaya a Sabon Alkawari, sai ya yi ta fama har hawaye su taru. Amma da zarar an buga ganga, kalmomin waƙa sai su fito masa sumul, ido a rufe, yana kaɗa gwangwanin madara da ya zuba wa tsakuwa. Da sanyin Disamba haka zai tsaya cikin rigar sanyin yayansa, hannun rigar ya rufe masa yatsu, yana jan waƙa da Hausa, 'yan'uwansa suna amsawa, wani lokaci su juya ta zuwa Berom ko Ngas. Dattawanmu ba su taɓa jin wannan ba, domin bango ya raba mu.

Na san masu cewa Allah ba na ruɗu ba ne, kuma gaskiya suka faɗa, haka Bulus ya rubuta wa Korintiyawa. Ni ma ba na son a riƙa guje-guje lokacin wa'azi. Amma tarbiyya daban, kashe murna daban. Sarki Dawuda kansa ya yi rawa da dukan ƙarfinsa a gaban akwatin alkawari, wadda ta rena shi kuwa matarsa Mikal ce, tana leƙe ta taga.

Abin da nake roƙon Baba Fasto da dattawa ba shi da yawa. A bar yara su zauna da mu daga addu'ar buɗewa har a gama baiko, kafin mu tafi da su aji. A ba su waƙa ɗaya su ja kowace Lahadi, ikilisiya duka ta amsa, har da zumuntar mata da tulunansu na kiɗa. Iyaye kuma, don Allah, ku ajiye waya ku tashi ku yi waƙar tare da su.