Yadda na shawo kan ƙwarin tirips a lambun furanni

Tirips ƙwaro ne da mutum kan ga ɓarnarsa tun kafin ya gan shi. Tsawonsa bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba, siriri ne, kuma yakan shige can cikin toho inda ido ba ya kaiwa. A nawa lambun, wardi ya fara kamawa, musamman masu farin fure da masu ruwan hoda. Toho zai kumbura kamar zai buɗe, sai gefensa ya yi launin ƙasa-ƙasa, ya tsaya a haka. Ganyen kuma ya yi zane-zane masu ƙyalli irin na azurfa, da ɗigo-ɗigo baƙaƙe, waɗanda kashin ƙwaron ne. Yana huda fatar ganye ya tsotse ruwan ciki, iska ta shiga gurbin, shi ya sa wurin ke ƙyalli.

Tabbatar da shi ba wuya. Na sa farar takarda a ƙarƙashin fure, na kaɗa shi da yatsa, sai ga su sun zubo suna ta gudu, wasu rawaya, wasu baƙaƙe. Har yau da wannan nake duba lambun, tare da katin gam mai shuɗi da na rataya daidai saman tsirrai. Katin ba ya ƙarar da su, amma yana gaya mini ko suna ƙaruwa ko suna raguwa.

Abin da ya fi yi mini amfani shi ne sanin yadda ƙwaron ke rayuwa. Macen tana tsaga ganye ko fure ta saka ƙwai a ciki, don haka feshi ba ya taɓa ƙwan. In ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan sukan yi mataki biyu suna ci, sannan yawancinsu su sauka ƙasa su kwanta ba ci ba sha har su fito da fukafukai. A nan ma feshin ganye ba ya samunsu. Lokacin zafi duk wannan zagaye yakan kammala cikin mako 2 zuwa 3. Ke nan duk ranar da ka yi feshi, wani kaso na cikin ganye, wani na cikin ƙasa, kuma bayan 'yan kwanaki za su fito kamar ba a yi komai ba. Masu cewa magani bai yi aiki ba, sau da yawa feshi ɗaya suka yi suka tsaya.

Da almakashi na fara. Na yanke duk toho da furen da ya lalace, na zuba a leda na ɗaure, ban jefa a tarin taki ba. Yanke toho yana da ciwo ga mai son fure, amma can ne matattararsu. Na nome ciyawa, na kwashe busassun ganyen da ke gindin tsirrai, na kuma riƙa wanke bayan ganye da ruwa mai ƙarfi da safe.

Daga nan na shiga feshi, ina maimaitawa bayan kwana 5 zuwa 7 don in tari waɗanda suka fito daga baya. Na yi amfani da man darbejiya da sabulun kashe ƙwari, waɗanda sai sun taɓa jikin ƙwaron suke aiki, saboda haka dole a jiƙa bayan ganye da cikin toho sosai. Inda abin ya yi tsanani na sa spinosad, wanda ake samu daga wata ƙwayar bakteriya ta cikin ƙasa. Yana ci ƙwarai, sai dai yana kashe ƙudan zuma matuƙar bai bushe ba, don haka da yamma liƙis nake fesa shi. Ba na kuma jera shi sau da yawa, domin tirips na saurin sabawa da magani; ina karɓa-karɓa tsakaninsa da man darbejiya. Mai ma ba a fesa shi da rana tsaka, yana ƙona ganye.

Na guji magungunan nan masu kashe kowane ƙwaro. Akwai ƙananan ƙwari da ke cin tirips, irin su Orius, kuma in ka shafe su, ka buɗe wa maƙiyinka ƙofa. Na rage takin naitirojin ma, tunda sabon toho mai laushi da yake fitarwa shi suka fi so.

Abu ɗaya da ba na sassauci a kai shi ne tsiron da ya nuna zobe-zoben rawaya a ganye ko ya tsumbure ba dalili. Tirips na yaɗa bairos mai sa tabo da yaushi, wanda 'ya'yan ƙwaron ke ɗauka su girma da shi. Ba shi da magani, sai a tuge tsiron gaba ɗaya. Sabon tsiro kuwa, in na kawo shi, nakan ware shi gefe na mako biyu da katin gam a kusa, kafin ya shiga cikin sauran.