Alhamdulillah TP ya ƙare, ga saƙon godiyata

Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya Juma'a na sa hannu na ƙarshe a rajistar malamai, hedimasta ya buga min hatimi a takardata, wato dai TP, koyarwar gwaji da ɗaliban malanta ke yi, ya ƙare, Alhamdulillah. Tun jiyan nake son rubuta wannan amma ina idar da isha'i barci ya kwashe ni da hijabin a jikina. Ku yi haƙuri zai ɗan yi tsawo, masu bina bashin godiya suna da yawa.

Ga wanda bai sani ba, duk ɗalibin NCE, wato karatun malanta a kwalejin ilimi, in ya shiga shekara ta uku ana tura shi wata makaranta ya yi zango guda yana koyarwa, kos ne mai kiredit 6, in ka faɗi shi ba kai ba shaidar gamawa. Ni wata firamare aka tura ni can bayan gari, mota biyu nake shiga kafin in kai, kuma kun san yadda kuɗin mota ya koma tun da aka cire tallafin mai a 2023. Aji huɗu aka ba ni, lissafi da kimiyya, yara 94 a rajista. A kwaleji da muka yi maikro-tichin ƙawayena goma ne suka zauna suna kwaikwayon yara, ina magana suna gyaɗa kai, wlh har na ɗauka na iya koyarwa. Ranar farko da na shiga ajin gaske, benci shida ne kacal sauran duk a ƙasa kan buhu, allon kuwa simintin bango ne ya koɗe ya yi fari, in ka yi rubutu da alli kai kanka da ƙyar kake gani balle yaron da ke baya. Na yi ta zuba musu Turancin da na haddace daga lesin not, wato takardar shirin darasi, suna kallona, sai wata 'yar ƙarama ta ɗaga hannu ta ce Malama ki faɗa da Hausa mana. Ana fita tara na zagaya bayan aji na sha kukana.

A nan Baba Malam ya same ni, kuma da shi zan fara. Dattijo ne saura kaɗan ya yi ritaya, shi ke riƙe da aji shida, ya ce tun zamanin Giredi Tu, tsohuwar shaidar malanta, yake wannan aikin. Bai tambaye ni me ya faru ba, ya dai ce 'yata gobe ki zo da wuri. Washegari na tarar ya sa yara sun daka gawayi sun haɗa da ƙaro, aka shafe allon ya yi baƙi wuluk. Sannan ya ce in kawo lesin not ɗina, ya duba wajen da na rubuta kayan koyarwa ya ga na sa taswira da abakus na koyon ƙirga da agogon bango, ya yi dariya ya ce to ina suke? Na ce ai na zata makaranta ce za ta bayar. Ya kai ni ofis ya buɗe kabad, kwalin alli ɗaya ne da rajista da kwafi ɗaya na manhajar NERDC, hukumar tsara manhaja ta ƙasa, duk ya yage, sai littafin lissafi guda uku da malamai ke karɓa-karɓa. Ya ce ga abin da makaranta ta mallaka, saura kuma yana bola da gona. Ranar ban gane ba.

Ashe lokacin kaka ne, kara ko'ina. Ya koya min yanka karan dawa daidai tsawon yatsa a ɗaure goma-goma da kyauro, ɗauri ɗaya goma ke nan, ɗauri goma ɗari, da shi yarana suka gane aro a lissafin ɗebewa, abin da na yi sati biyu ina fama a allo bai shiga ba, yaro na kwance ɗaurin da hannunsa sai ka ga ya washe baki. Abakus kuma da sifok ɗin tsohon keke muka yi shi da marafen lemo da aka huda da ƙusa, aka kafa a jikin katako. Baba Malam Allah ya saka da alheri, Allah ya sa ka gama lafiya, ya sa haƙƙinka ya fito ba tare da wahala ba. Ban taɓa jin ka kira ni 'yar TP ba ko sau ɗaya, kullum sai dai 'yata ko Malama.

Sai Umma. Kwali da maka da gam da salatif sun cinye min kuɗi ba kaɗan ba, don a takardar da sufabaiza, malamin kwaleji da ke zuwa duba koyarwarmu, ke cikewa kayan koyarwa suna da makinsu daban, ba ka isa ka shiga aji hannu rabbana ba. Da kuɗin suka ƙare Umma ce ta ɗauki adashinta kafin lokacin da ta tsara ta ba ni, ta kuma ara min almakashin ɗinkinta wanda ko ƙannena ba sa taɓawa. Ita ke tashi na da asuba ta ɗumama min tuwo, wani lokacin ina zane har sha biyun dare ita ke riƙe min tocilan in an ɗauke wuta. Umma ba ni da bakin gode miki, Allah ya ba ni ikon kai ki Makka. Abba na gode da kuɗin mota da addu'a. Yaya na gode da data da fotokofi, duk da mitar da kake yi kafin ka tura.

Mai shagon kayan masarufi na bakin layinmu, ban sani ba ko za ka ga wannan, da na ga kwalin kanti ya fi ƙarfina kai ka riƙa tara min katan ɗin taliya da na sabulu kyauta alhali da sayar da su kake yi. Da su na yi agogo da katunan lambobi da zanen sassan jikin mutum. Mai gyaran keke da ya ba mu sifok, da telan da ya tara min ƙyallaye muka yi darasin launuka da siffofi, duk na gode.

Yanzu bari in ba ku labarin akuya, don ƙawayena sun ce in ban faɗa ba su za su faɗa. Na kwana uku ina zana sassan tsiro a farin kwali, saiwa da kara da ganye da fure, na yi masa kala mai kyau na manna a bango saboda an ce sufabaiza zai iya zuwa kowane lokaci a satin. Ajinmu ba ƙofa, tagogin ma babu marfi. Da safe na zo na tarar akuyar maƙota ta cinye rabinsa, ta bar min saiwar kawai, ina tsaye ina salati sai ga monita da gudu wai Malama wani mai mota ya zo yana tambayar ki. Jikina har rawa yake. Kafin in gama gaishe shi a ofis wasu yara maza uku sun fice ta taga, suka dawo da wake da masara da suka tugo da saiwarsu da ƙasarsu daga gonar bayan makaranta, har da ƙaramar kuɓewa da furenta. Da su na yi darasin, na raba ajin rukuni-rukuni kowa yana taɓawa yana nuna wannan saiwa wannan ganye. Sufabaiza ya zauna a baya bai ce uffan ba, da aka tashi ya yi min gyara a kan yawan kallon allo da nake yi ina ba yara baya, da kuma rashin kiran 'yan mata su amsa tambaya, kuma gaskiyarsa ne, sannan ya ce wa ya ba ki dabarar kawo tsiron gaske? Na yi shiru, kunya ta hana ni cewa akuya ce. Ranka ya daɗe na gode da gyaran. Mai gonar kuma mun je ni da Baba Malam mun ba shi haƙuri, ya ce ai 'ya'yansa biyu suna cikin ajin, ya yafe.

Yarana 'yan aji huɗu, na san ba ku da waya amma iyayenku da yayyenku za su gani. Ku kuka cika min bokiti da marafen lemo da tsakuwa da ƙwallon dabino, ku kuka kwaɓa yumɓu muka yi siffofi muka shanya a rana. Ranar kasuwa rabin ajin ba ya zuwa, wasu talla wasu roron gyaɗa, da farko ina jin haushi har na yi faɗa, da na ga inda wasu ke fitowa a ƙafa cikin sanyin hunturu ba rigar sanyi sai na daina. Wanda na daka wa tsawa ko na sa shi kamun kunne ya yafe min. Ita kuma wadda ta ce in faɗa da Hausa, jiya ta kawo min ƙullin aya da ƙuli-ƙuli tana kuka, nima ban iya riƙe nawa ba.

Hedimasta da sauran malamai na gode da karɓa ta mutunci. Ba zan ce komai ya tafi daidai ba, akwai wanda ina zuwa ya sakar min darussansa duka ya koma gindin darbejiya yana danna waya, amma na yafe, ko ba komai na ƙaru. Baba maigadi da ke ajiye min kayana a ɗakinsa tun bayan abin akuya, da Inna mai awara da ta sha ba ni bashi ranar da ba ni da ko sisi, Allah ya biya ku. 'Yan uwana 'yan TP mu biyar da muka riƙa karo-karo muna sayen maka ɗaya muna zagayawa da ita, Allah ya ba mu sakamako mai kyau, ya kai mu ranar da za mu karɓi lasisin TRCN, hukumar rajistar malamai, ya kuma sa SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ta tuna da mu in an tashi ɗaukar aiki.

Abakus ɗin da ɗaurin karan da katunan duk na bar su a ofis cikin katan, na rubuta aji huɗu a jiki, duk wanda aka tura can baɗi ya tambayi Baba maigadi. Wanda na manta ban ambata ba ya yi haƙuri, ba raini ba ne. Sannan dan Allah a cikinmu mu biyar duk wadda almakashin Umma yake wajenta ta dawo min da shi kafin Litinin, yau sau uku ke nan tana tambaya ta.