Awa ɗaya da ta kusa jawo wa yaron shago zargin sata

Ni ke kula da sabar, wato kwamfutar da ke ajiye lissafin wani shagon sarin shinkafa da mai a Nima, nan Accra. A watan azumin 2024 maigidan ya kira ni da sassafe. "Ɗana, zo ka duba. Kwana huɗu ke nan kuɗin aljihun tebur da na kwamfuta ba sa haɗuwa." Na tarar da yaron da ke karɓar kuɗi a tsaye, kansa a ƙasa. Wata rana kuɗin su yi yawa, washegari su gaza.

Na fara zargin agogon kwamfutar shago, na ga daidai yake. Sai na ɗauki rasit guda na gwada da saƙon MoMo, wato na biyan kuɗi ta waya, da ya shigo wayar Alhaji mai shagon. Wayar ta ce 11:20 na dare, rumbun bayanai ya ce 12:20, a kwanan gobe. Da azumi kuwa bayan asham kasuwa ke ci, don haka duk cinikin da aka yi bayan sha ɗaya yana faɗawa lissafin washegari.

Na tambayi PostgreSQL, manhajar rumbun bayanan, yankin lokacinsa, ya ce Europe/London, wato lokacin Landan. Ni na zaɓa da hannuna a Nuwamban 2023, saboda a Landan muka yi hayar sabar, kuma a lokacin agogonsu da namu ɗaya ne. Gana tana kan GMT duk shekara. Ingila kuwa tana tura agogo gaba da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Maris, wadda a 2024 ta faɗo ranar 31, ƙarfe ɗayan dare ya koma biyu.

Na yi gaggawar mayar da Linux, babbar manhajar sabar, kan UTC, lokacin duniya da ya yi daidai da GMT, da umarnin timedatectl, amma ba ta canja zani ba. Ashe PostgreSQL ya rubuta nasa yankin a fayil ɗin saitinsa, postgresql.conf, tun ranar da aka girka shi, sai da na gyara can.

Tsofaffin bayanai ne suka fi cin rai. Gurbin da rumbun ke ajiye lokacin ciniki irin timestamp ne maras yanki, ya adana agogon Landan yadda ya gan shi. Da na cire awa ɗaya daga kowane layi, da na lalata lissafin wata huɗu da ke lafiya lau. Na kwafi rumbun tukuna, sannan na mayar da gurbin timestamptz, irin mai la'akari da yanki, na gaya masa ya karanta tsofaffin a matsayin lokacin Landan. Allah ya taimaka a Afrilu muka gano. A ƙarshen Oktoba, idan Ingila ta dawo da agogo baya, ƙarfe ɗaya zuwa biyu sau biyu yake zuwa, ba ka iya bambance na farko da na biyu.

Kafin a sha ruwa na sake buga lissafin kwanakin, ya zo daidai har sidi na ƙarshe. Na ce, "Alhaji, laifina ne, ba na yaron ba." Ya kira shi a gabana ya ba shi haƙuri.