Asabar, a ɗakin Kaka

Yau kam na gaji, bayana kamar an daka ni a turmi, amma bari in rubuta kafin barci ya kwashe ni. Tun ranar Talata a wajen Zumuntar Mata aka ce yau za mu je gaida Kaka a unguwar Narayi a Kaduna, tsohuwar nan da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar tun damina. Ɗanta yana Legas, sai dai ya turo kuɗi, jikarta ce kawai a gidan, yarinya ƴar sakandare, ina za ta iya ɗaga babban mutum ita kaɗai.

Mun haɗu a bakin coci da safe, kowa da ankonta, an yi karo-karo an sayi omo, sabulu, Dettol, pampas da mudun gero. Muka hau keke daga Sabon Tasha.

Muna shiga ɗakin zarni ya tare mu. Aka yi waƙa, Maman Fasto ta yi addu'a, sai na ga mata sun fara zamewa waje ɗaya bayan ɗaya, wannan ta ce za ta share tsakar gida, waccan ta ce kunu za ta dama, wata kuma ta tsaya tana ta ɗaukar hoton kayan da muka kawo don a saka a WhatsApp. Shara aiki ne, kunu ma aiki ne, ban raina ba, amma kowa ta san ainihin abin da ke jiranmu a kan katifar nan.

Wata uwa mai tuyar ƙosai a bakin layinmu, wadda ko a zumunta can baya take zama, ita ce ta cire ɗankwali ta ɗaure ƙugu da shi ta ce min, "Ƴata, ɗora ruwa ki kawo min bokiti." Muka ɗaga Kaka ni da ita, ta zare ledar da ta jiƙe, ta wanke ta tas ba ko yatsina fuska, tana yi tana mata hira wai kwalliya za a yi wa amarya. Akwai gyambo a ƙugun Kaka saboda kwanciya gefe ɗaya, wata nas a cikinmu ta wanke shi ta nuna wa jikar yadda za ta riƙa juya ta kamar duk bayan awa 2. Da aka zo kan ƙafa kuwa, hunturun nan ya sa duga-dugan sun yi faso har da jini, sai uwar nan ta zauna dirshan a ƙasa ta jiƙa su a ruwan ɗumi, ta goge kaushin a hankali, ta yanke farce ta shafa man kaɗanya. Bakin Kaka ya karkace magana ba ta fita sosai, hawaye dai take ta yi, uwar tana cewa "Haba Mama, mene ne abin kuka, yi haƙuri."

A keke muna dawowa ne wata dattijuwa ta raɗa min cewa ai shekarun baya Kaka ce ta hana ɗanta auren ƴar wannan uwar, ta ci mata mutunci a gaban jama'a wai gidansu ba gidan talakawa ba ne. Kai! Kuma tun safe har azahar ko a fuska ban gani ba.

Da dare na buɗe Bisharar Yahaya sura 13. Na sha karanta wurin, Yesu ya tuɓe mayafinsa ya yi ɗamara da tawul ya zuba ruwa a daro, aikin da bawa ne ke yi wa baƙi a zamanin, shi ya sa Bitrus ya ƙi da farko. Abin da ya tsaya min yau shi ne Yahuza yana zaune a wurin lokacin, sai a aya ta 30 ya fita, kuma tun aya ta 11 an faɗa cewa Yesu ya san mai bashe shi. Wato ya durƙusa a gaban mutumin da ya san zai sayar da shi. Bayan fitar Yahuzan ne ya ce ƙaunar juna ita ce alamar da za a gane almajiransa da ita, bai ambaci anko ko kujerar gaba ba, mu kuwa a kan waɗannan muke ta faɗa duk lokacin zaɓen shugabanni.

Maƙwabciyata ƴar EYN ce, wato Ekklesiyar Ƴan'uwa a Nijeriya, cocin da ya fara a Garkida a 1923, su har yau suna wanke ƙafar juna lokacin jibin Ubangiji, maza gefe mata gefe. Da na ba ta labari sai ta yi dariya ta ce nasu da sauƙi, kowa da wankansa yake zuwa.

Yanzu dai an tsara za a riƙa zuwa bibbiyu, ni ranar Laraba ta faɗo min bayan na tashi aiki. Zan tafi da wani tsohon zanin gado da fauda, in kuma tuna wa Maman Fasto ta kira ɗan nan ya zo ya ga uwarsa da idonsa, kuɗi ba ya juya mara lafiya. Gobe zumunta ce da waƙa a sujada ta farko, ga ankona a jiƙe, ga wuta ba ta dawo ba, sai in ari dutsen guga na gawayi da asuba.