Yadda na yi fama da yoyon ruwan sama a cikin tsohuwar Carina ta

Motata Toyota Carina E ce ta 1996, irin waɗanda anka ƙera a Ingila sunka gama yawonsu a Turai kahin a sauko da su ta Kwatano. Shekara shida tana hannuna, inji lahiya lau, ban taɓa kuka da ita ba sai damanar da ta wuce. Abin ya faro da wari. In na buɗe ƙofa da sahe sai in ji wani wari kamar na tabarmar da ta kwana cikin ruwa, gilashi kuma ya yi gumi daga ciki alhali ba kowa a motar. Na ce ƙila yara ne sunka zubar da wani abu, na sayi turare na rataya na ci gaba da harkata.

Ranar da abin ya dame ni sosai, cikin watan Agusta ne, an kwana ana ruwa, da sahe na ɗauki Inna za mu Tibiri wajen suna. Ita al'adarta in ta shiga mota sai ta tuɓe takalmi. Tana aje ƙafa ta ɗaga ta da sauri ta ce "kai ɗan nan, rijiya ka gina a motar?" Na tsaya gehen hanya na danna tapi da hannu, wallahi ruwa ya taso tsakanin yatsuna. Bakin zanenta ya jiƙe, haka ta shiga cikin mutane. Raina ya ɓaci ƙwarai ranar.

Abin da na fara yi shi ne abin da kusan kowa ke yi, kuma shi ne kuskure. Na ce tunda ruwan gaba yake to daga parbiriz, wato gilashin gaba, yake shigowa, na tahi kasuwa na sayo silikon irin wanda ake liƙe gilashin taga da shi, mai warin tsami ɗin nan, na bi bakin gilashin gaba kaf na shahe. Na shanya tapi na kwanta da murna. Kwana ukku anka sake ruwa, na duba, ruwan nan yana nan inda yake kamar ban yi komi ba. Na ƙara wani silikon a bakin robar ƙofa, shi ma a banza.

Wani dattijo ne mai gyaran jikin mota ya buɗe mini ido, kusa da unguwarmu yake aiki, tun muna yara muke ganin shi da guduma. Da ya ga silikon ɗin sai ya girgiza kai ya ce "ɗana wa ya sa ka wannan aiki?" Na ce Baba ni na sa kaina. Ya ce irin wannan mai warin tsami yana cin ƙarhe, duk inda fenti ya ɗan kwarzane tsatsa zai tayar, kuma ranar da za a sake parbiriz gam ɗin kirki ba ya kama inda silikon ya taɓa sai an kankare shi tas. Sannan ya ce inda na ga ruwa ba nan ya shigo ba, nan ya gaji da tahiya ya kwanta. Ruwa yana iya shiga ta sama can gehe guda, ya bi waya ko ya bi haɗin ƙarhe, ya hito wani wuri dabam. Bai karɓi motar ba, ya ce aikin haƙuri ne ba na ƙarhi ba, in je in yi da kaina in na ga inda ya ɓalle in dawo.

Kahin komi ya sa na tantance wane ruwa ne, don ba kowane ruwa ne na sama ba. Na kilim, wato na'urar sanyaya cikin mota, in bututunshi na zubarwa ya toshe shi ma ƙasan wajen mai zaman banza yake tsiyaya, amma wannan sai in ka kunna kilim, ni kuwa nawa ya daɗe da mutuwa. Na shofaj kuma, wato na'urar ɗumama cikin mota, ruwan radiyato ne, yana da santsi a hannu da wani ƙamshi zaƙi-zaƙi in akwai maganin sanyaya inji a ciki, kuma za ka ga ruwan radiyato yana raguwa. Nawa fari ne tas, ba santsi, kuma sai an yi ruwan sama yake zuwa. To shike nan mun san da wa muke.

Ranar Lahadi na kira ƙanena. Munka kwance kujerun gaba, ƙusa huɗu-huɗu ne da kile 14, munka cire robobin bakin ƙofa munka ɗaga tapi gaba ɗaya. Nan na ga abin da ya tsorata ni. Saman tapi ɗan damshi ne kawai amma ƙarƙashinshi akwai wani abu mai kauri kamar bargo da anka shimfiɗa don rage ƙara da zahi, wannan ya sha ruwa ya ƙoshi, da munka matse shi ya kusa cika rabin bokiti, ga hunhuna baƙi da fari, ga wayoyi sun bi ta gehe suna kwance cikin laima. Wato duk shanyar da nike yi saman kawai nike busarwa. Munka hidda komi munka baza a rana, ƙarhen ƙasa na goge shi da tsumma har ya bushe ƙayau, don in bai bushe ba ba za ka gane sabon ɗigo ba.

Sai gwaji. Ni na shiga ciki na kwanta rigingine kaina ƙarƙashin tablo da hitilar waya, ƙanena yana waje da buta da bido biyu na ruwa. Baba ya ja mini kunne a kan abu guda, a fara daga ƙasa a yi sama, wuri ɗaya a lokaci ɗaya, kuma a ba kowane wuri kamar minti biyar ana zubawa a hankali kamar ruwan sama. In ka fara daga ruhin mota ruwa zai wanke ko'ina, ka ga ɗigo amma ba ka san ta ina ba. Na kuma barbaɗa hodar jarirai a jikin ƙarhen da nike zargi, don ruwa in ya bi ta kai sai ya bar layi.

Ƙasan ƙofa, shiru. Bakin gilashin ƙofar direba, shiru. Da ya zo gindin parbiriz, wajen baƙar robar nan mai raga inda sandunan share gilashi suke zaune, bai gama buta ta biyu ba na ji ɗigo a goshina. Na haska, ga ruwa yana hitowa daga cikin akwatin fankar da ke hura iska, bayan ɗan akwatin aje takardu, yana bin jikin roba yana sauka daidai inda Inna ta aje ƙafa. Na ƙwala mishi kira na ce tsaya nan, kar ka gusa!

Munka ɗaga kapo, munka kwance sandunan share gilashi, munka cire robar. Ban san ma akwai wani rami a wurin ba sai ranar. Ashe ƙarƙashinta wani kwalbati ne na ƙarhe da ya ratsa faɗin motar, duk ruwan da ya gangaro daga parbiriz nan yake faɗawa, sannan ya hita ta ƙananan kafofi dama da hagu ya zube bayan tayoyin gaba. A cikin kwalbatin nan kuma bakin da fanka ke jawo iska yake, an ɗan ɗaga leɓenshi sama don kada ruwa ya kai. To nawa kwalbatin ya cika maƙil. Ganyen dogon yaro ne da 'ya'yanshi, don shekara da shekaru ƙarƙashin bishiyar ƙofar gida nike aje ta saboda inuwa, sai ƙurar hunturu da rairayin da iskar farkon damana ke kwasowa sunka haɗu da shi sunka zama laka, har wani ɗan tsiro ya hito a kusurwa. Kafofin duka biyu sun toshe. Ruwa in ya zo da ƙarhi sai ya taru ya hau ya tsallake leɓen nan ya faɗa cikin fanka. Babu huda ko ɗaya, hanyar hita ce ta toshe, ni kuwa ina can sama ina ta liƙe gilashi.

Da hannu na kwashe lakar, ta kai cikin kwanon awo. Kafofin kuma da wayar birkin keke na zurara a hankali, don tana lanƙwasa kuma ba ta huda komi, sannan munka bi da ruwa. Farko baƙin ruwa ya riƙa hitowa tsil-tsil bayan taya, can sai ya ɓalle shaa. Robar da ke zagaye da bakin fankar ta bushe ta tsattsage, zahin Afrilu da Mayu na garin nan da ke wuce digiri 40 ba ya barin roba da rai, na cire ta na sa sabon soso mai gam. Ban kashe ko jaka biyu ba a wannan.

Na ɗauka an gama, ƙanena ya ce yaya tunda ruwa ya saura mu ƙarasa zagaye motar mana. Allah ya sa na ji maganarshi. Da ya zuba a gilashin ƙofar baya ta dama sai ga ruwa yana lallaɓowa ta ƙasan kwalin ƙofar yana hawa dokin ƙofa yana shiga ciki. Wannan ma darasi ne, don ni a zatona ruwa ba ya shiga cikin ƙofa sam. Ashe yana shiga, haka anka yi ta, robar bakin gilashi ba ta tare shi duka, yana gangarawa ciki ya hita ta ƙananan ramuka a can ƙasan ƙofar. Abin da ke hana shi shigowa wajen mutane wata leda ce da anka manna tsakanin ƙarhen ƙofa da kwalinta. Da na cire kwalin, ledar nan babu rabinta. Na tuna bara na kai gyaran abin ɗaga gilashi, wanda ya yi aikin ya yage ta ya yar bai gaya mini ba, ƙila a ganinshi ledar banza ce. Abin ya yi mini ciwo, don da ya tambaya da na biya kuɗin wata. Na samu leda mai kauri na yanka daidai ƙofar na manna da baƙin gam ɗin nan mai danƙo da ba ya bushewa, na tabbata bakinta na ƙasa yana maida ruwa cikin ƙofa. Ramukan ƙasa ma biyu cikin ukku rairayi ya toshe su, tsinke kawai na sa.

Kofur, wato wurin aje kaya na bayan mota, ban daɗe a kai ba. Ramin tayar sukur akwai ɗan ruwa da tsatsa, ta bayan hitilar baya ta hagu yake shiga, soson da ke tsakaninta da jiki ya lotse. Na kwance na sake shi. Wanda motarshi ke da tagar sama kuma ya sani akwai bututu a kowace kusurwa huɗu da ke saukar da ruwa ta cikin ginshiƙan mota, su ma haka suke toshewa, maƙwabcina nashi ruhin ciki ne ya riƙa jiƙewa, da wayar keken nan munka buɗe.

Da na koma wajen Baba na ba shi labari ya yi dariya ya ce to yanzu ga nawa aikin. Ƙasan wajen mai zaman banza tsatsa ta ci wuri kamar tahin hannu, ya ƙwanƙwasa da bakin turnabis ya ce Allah ya taimake ka bai huje ba, da ka ƙara damana ɗaya sai walda. Ya goge har ƙarhe ya yi fari ya shafa maganin tsatsa ya bi da fenti. Silikon ɗina kuwa yini guda na yi da reza ina kankarewa, kuma a kusurwar sama ta dama har ya fara tada jan tsatsa a ƙarƙashi, cikin sati ukku kacal. Ya sa na gwada parbiriz ɗin kanshi don hankalina ya kwanta, na ruhe gilasai duka na kunna fanka a ƙarshenta tana jawo iskar waje, ya shafa ruwan omo mai kumfa a bakin gilashin daga waje, ya ce in da kafa za ka ga kumfa tana tashi. Ko ɗaya ba ta tashi ba. Gilashin da na zarga tun farko lahiyarshi ƙalau.

Bargon ƙarƙashin tapi shi ya hi ba ni wahala, kwana huɗu a rana ina juya shi, hadari na tasowa mu kwasa da gudu, kuma wani ɓangare da hunhuna ya cinye dole na yanke na yar. Haka na riƙa yawo a gari da kujera ɗaya da ƙarhe tsirara, da gangan na ƙi maida tapi sai na ga ruwan gaske, don buta dabam ruwan Agusta mai iska dabam.

Daren Alhamis ya zo, irin mai tsawa da ke cika titunan Maradi cikin rabin awa. Na ɗauki hitila na ruga na shiga motar na zauna, maman yara tana kira daga ɗaki wai Malam lahiya. Na shimfiɗa tsohuwar jarida a ƙasa dama da hagu da baya, na zauna ina jin ruwa yana dukan ruhi ina haska ƙasan tablo, ina kuma jin shi yana zuba bayan tayoyin gaba ta inda ya kamata. Kusan awa guda na yi a ciki. Da sahe na ɗaga jaridun, a bushe suke duka. Ranar Asabar munka maida tapi da kujeru, motar kuma na matsar da ita daga gindin dogon yaro zuwa jikin katanga, na kafa mata 'yar rumfar kwano.