Inda na kwana a kan lissafin zafin naɗin waya da motsin maganaɗisu

'Yan uwa masu koyo, mako shida ke nan ina ƙoƙarin kwaikwayo a kwamfuta na yadda ƙaramin maganaɗisu na neodimiyam yake kai da kawowa a cikin naɗin waya, kuma sai a wannan makon na gano abin da ya sa lissafina ya ƙi dacewa da abin da nake gani a kan teburin aiki.

Na naɗa wayar jan ƙarfe mai kaurin milimita 0.5, tsawonta mita 70, turjiyarta, wato yadda take tare wa lantarki hanya, om 6 idan tana da sanyi. Da na ba ta bolt 12 sai amfiya 2 ta bi ta cikinta, wato zafin wat 24 bisa ƙa'idar Joule. Na zana fasalin a manhajar FEMM ta lissafin ƙarfin maganaɗisu, wadda David Meeker ya rubuta kuma ake samunta kyauta, na fitar da jadawalin ƙarfin da maganaɗisun yake ji a kowane milimita na tafiyarsa, sannan na miƙa jadawalin ga ɗan shirin kwamfuta na harshen Python da yake lissafa gudu da wuri. Ban manta da ƙa'idar da Lenz ya bayyana a 1834 ba, cewa maganaɗisun da ke motsi yana haifar da lantarkin da ke adawa da wanda aka ba naɗin.

A minti na farko komai ya tafi daidai. Bayan minti huɗu kuwa, maganaɗisun da ke kan tebur ya soma kasa kaiwa alamar da na yi masa da biro a jikin bututun da yake tafiya a ciki, alhali na cikin kwamfuta yana ta tsalle kamar ba abin da ya faru. Na kai yatsa jikin naɗin na janye shi da sauri, ga kuma ɗan ƙaurin fentin waya da ya fara tashi.

Kuskurena shi ne na ɗauki turjiya a matsayin lamba ɗaya da ba ta canjawa. Turjiyar jan ƙarfe tana ƙaruwa da kusan kashi 0.39 cikin ɗari a kowane digiri, saboda haka idan wayar ta tashi daga digiri 20 zuwa 80, om 6 ɗin nan ya zama 7.4, lantarkin kuma ya sauko zuwa amfiya 1.6, ƙarfin turi ya bi shi ƙasa da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Wayar ba ta wuce giram 120 da 'yan kai ba, shi ya sa take hawa rabin digiri a kowace daƙiƙa a farkon kunnawa. Shi ma maganaɗisun ba ya tsira, domin yana rasa kimanin kashi 0.12 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowane digiri, kuma irin wanda aka fi samu, idan ya wuce digiri 80, wani ɓangare na ƙarfin ba ya dawowa ko da ya huce. Wannan ya fi damuna, don waya tana hucewa ta koma yadda take.

Wahalar da ta biyo baya ita ce ta lokaci, domin motsi yana faruwa cikin ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, zafi kuwa yana buƙatar mintuna. Yanzu ina lissafa motsi da ƙananan matakai na lokaci, sai maganaɗisun ya je ya dawo sau ɗaya nake tara zafin da aka samu, in sabunta turjiya, in ci gaba.

Abin da ya rage shi ne yawan zafin da iska take kwashewa daga jikin naɗin. Na manna ma'aunin zafi a tsakanin layukan wayar, kuma gobe zan kashe wuta in riƙa rubuta yadda yake hucewa duk bayan daƙiƙa 30, domin in ciro wannan adadin daga awo na kaina.