Raga na kafa wa jan baki, ashe baƙi na kama

Har yau abin nan bai bar raina ba wallahi. Bara cikin Fabrairu masakwata, wato dawar rani, ta fitar da kai, ido ya fara cika, jan baki, tsuntsayen nan masu cin hatsi, suka sako ni gaba. Duk wanda ya taɓa noma karal, wato ƙasar laka da ake dasa masakwa, a yankin Maga na arewacin Kamaru ya san yadda suke, su taso kamar hayaƙi, kafin ka buga gwangwani a wannan gefen sun sauka a wancan. Kwana huɗu ina ihu har murya ta dishe.

To kullum da magariba ina ganin wasu ƙananan tsuntsaye suna zuwa rukuni-rukuni suna faɗawa cikin kachalla, doguwar ciyawar nan ta bakin ruwa, sai na yanke cewa nan ne makwancinsu. Ban tsaya na duba ba, gani daga nesa kawai da haushi a zuciya. Na ari ragar kamun kifi, ni da ƙanena muka shiga ruwa har gwiwa cikin dare muka rufe wani ɓangaren kachallar.

Da asuba na haska tocila na ciro ta farko sai jikina ya yi sanyi. Bakinta siriri kamar allura kuma baƙi, ƙafafu dogaye, ciki ruwan ɗorawa, wutsiya doguwa da farin gashi gefe da gefe. Jan baki kuwa bakinsa gajere ne mai kauri irin na fasa tsaba, jikinsa a dunƙule. Ko ɗaya babu a ragar, ko ɗaya. Mun saki waɗanda suka rage da rai, amma 23 sun riga sun shaƙe, na ƙirga su da hannuna.

Wani dattijo makiyayi da ke sauko da shanunsa wurin ya tsaya ya dube su ya dube ni. Ya ce, "Yaro, waɗannan ai abokan tafiyarmu ne, me suka ci maka?" Na ce Baffa na ɗauka jan baki ne. Bai ƙara magana ba, ya sa wuƙa ya buɗe cikin guda ɗaya ya nuna min a tafin hannunsa, ƙudaje ne da 'yan ƙwari, babu ƙwayar hatsi ko ɗaya. Wannan tafin hannun shi nake gani har yanzu.

Daga baya na tura hoton ga wani abokina da ya yi karatu a Maroua, shi ya gaya min sunanta a littafi Motacilla flava, da Faransanci kuma bergeronnette, wato kamar ka ce 'yar makiyayiya, kuma sunan ya dace don aikinta kenan, bin ƙafar shanu tana cafke ƙwarin da suka tayar daga ciyawa. Abin da ya fi taɓa ni shi ne ba 'yar nan ba ce. A Turai da Asiya take ƙwai ta ƙyanƙyashe, in sanyi ya matso ta ƙetaro teku da hamadar Sahara ta iso mana wajen Satumba zuwa Oktoba, ta zauna a fadamun kogin Logone da bakin tafkin Chadi har Maris ko Afrilu ta juya. Tsuntsuwar da nauyinta bai wuce giram 20 ba fa, tsawonta da wutsiya kamar santimita 16. Ta tsallake hamada lafiya ta zo ta mutu a ragar aro saboda na ƙi ba ta minti biyar na kallo.

Don minti biyar ɗin sun isa. Ita tafiya take yi a ƙasa, taku-taku da ɗan gudu, wutsiya na sama da ƙasa ba ta tsayawa, shi kuwa jan baki tsalle yake. In ta tashi tana lilo ne sama-ƙasa tana tsiii, tsiii. Da rana a warwatse suke cikin shanu, sai dare suke haɗuwa su kwana a kachalla, wannan haɗuwar ce ta ruɗe ni. Don Allah kafin ka kafa raga a kowane makwanci ka je da rana tsaka ka ga me tsuntsun yake ci, ka dubi bakinsa.

Cikin Maris na koma ina zama bakin ruwan da yamma. Mazan sun ƙara haske, ruwan ɗorawar ya fito sosai, wani kansa toka-toka wani baƙi wuluk, suna ta ci ba hutu don kitsen da za su ƙetare hamada da shi. Wata ranar Afrilu na je na tarar da shanu kawai.

Su jan bakin kuwa can cikin wata sarƙaƙiyar ƙaya suke kwana, nesa da inda na jiƙa wandona, kuma sun cinye min kusan buhu biyu. Hatsin na haƙura da shi tuni. Bana da na ga ta farko ta sauka tsakanin ƙafafun wata farar saniya sai da na kira ƙanena a waya na ce sun dawo.